Siyasar Zarami da Ɗakin Baƙo

A kasuwar tattasai ta Diffa, in ka ji dattijo ya ce wane yana da siyasa, kada ka waiga neman tutar jam'iyya. Ba can ya nufa ba. Abin da yake gaya maka shi ne mutumin ya san yadda ake bi da ɗan Adam: ya san lokacin magana, ya san lokacin da ake miƙa kofin shayi a yi shiru, ya iya karɓar abu daga hannun mutum ba tare da ya murɗe masa yatsa ba. Wanda ba shi da ita kuwa, ko gaskiya ce fal bakinsa, sai ka ji an ce, “Wane ai ba siyasa, kada ku aike shi.” To, shekara da shekaru, in aka ambaci kalmar nan a wannan kasuwa, Zarami ake nufi.

Haifaffen Assaga ne, tsohuwar Assaga ta bakin kogin Komadugu, tun kafin mutanenta su kwashe su koma bakin kwalta. Ubansa manomin tattasai ne mai zafin kai, irin wanda kan kori mai saye da kalma guda. Zarami ya tashi yana ganin buhunansu suna kwana a kasuwa ana ɗaukar na wasu, sai ya ƙudura a ransa ba zai gaji wannan bakin ba. Ya shigo Diffa da ƙuruciyarsa, ya yi dako, ya yi awo, har ya zama fatoma, wato mai masaukin da manoma da fatake ke sauka gidansa, ya ajiye musu kaya, ya haɗa mai sayarwa da mai saye. Gajere ne, mai sanyin murya, Hausarsa da ɗan karin Barebari. Ba a taɓa jin ya ce wa kowa a'a ba. Ba a kuma taɓa ganin ya yi abin da bai yi niyya ba.

Unguwa ta more shi, wannan kam ba mai musu. Maƙwabta sun daina gaisawa saboda magudanar ruwa, a kira Zarami. Mace ta yi yaji, miji ya rasa ta inda zai fara biko, a kira Zarami. Har soja in suka tsare amalanken wani a shinge, shi ake turawa. Zai je ya gaishe su, ya tambayi kowa garinsu da lafiyar iyaye, bai ko ambaci amalanke ba, sai ka ga an sake ta.

Amma siyasar da ta ciyar da shi ta kasuwa ce, kuma ga yadda take. Manomi zai kawo tattasai daga Baroua ko wani ƙauyen bakin kogi, ya hau kan buhunansa ya kafe, ya ce shi ba zai sayar ba sai kaya sun yi tsada. Zarami ba ya ja da shi. Sai ya ce, “Gaskiyarka, kayanka ne.” Ya sa a dafa shayi. Can sai ga wani ya biyo, wai wucewa yake yi, ya zauna ya kurɓa, ya ce af, ya ga motoci shaƙe da sabon tattasai suna tahowa daga gabas. Jim kaɗan ƴan dako su fara jan buhunan wasu suna jibgewa dab da na manomin, har ya rasa inda zai miƙe ƙafa. Ba wanda ya ce masa uffan. Shi da kansa zai nisa ya ce, “Fatoma, ina ga gara in sayar.” Nan ne fa Zarami zai dafa masa gwiwa ya ce, “Haba, kada ka yi gaggawa.” Manomi kuwa sai ya ƙara matsawa, ya sayar, ya tafi gida yana yabon fatoman da ya so hana shi. Ni ban ce zalunci ne ba, don sau da yawa farashin kan faɗi bayan nan da gaske. Ban kuma ce ba wayo ba ne.

Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan wasa shi ne Maina, wani falke daga Damasak, tsallaken kogi. Dogo ne, mai yawan dariya, ya ɗan girmi Zarami, shi ya sa yake ce masa Ya Maina. Fiye da shekara ashirin gidan Zarami ne masaukinsa in ya zo sayen kaya, gidan Maina kuma masaukin Zarami in ya haye Najeriya. Akushi ɗaya suke ci. Sau da yawa shi ne mai sayen da ke zaune gefe yana jan carbi, yana ɓoye dariya a hannun riga duk lokacin da aka zo kan “kada ka yi gaggawa”. In manomi ya tafi sai ya ce, “Fatoma, Allah ya tsare ni da siyasarka!” Su kwashe da dariya har da tafawa.

Da ƴan Boko Haram suka shiga Damasak, lokacin sanyi ne, kogi a cike. Maina ya iso Diffa da rigar da ke jikinsa, da matarsa Sadiya, da ƴarsu ƙarama Rashida a goye. Sauran danginsa kowa ya yi ta kansa. Zarami bai bari ya gama sallama ba ya rungume shi, ya buɗe masa ɗakin baƙi, wanda dama shi ya saba kwana a ciki, ya ce, “Ya Maina, gidanka ne. In ka sake ce mini na gode, mun ɓata.” Da zuciya ɗaya ya faɗa, wallahi. A lokacin kowa yana tsammanin abin na ƴan makonni ne.

Ina! Wuta ta tsallako Diffa ita ma. Aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana babura, aka hana cinikin tattasai da na kifi wai da su mutanen daji ke samun abin sayen makamai. Kasuwar da ta yi Zarami ta koma kufai. Sannan aka tashi ƙauyukan bakin kogi, uwar Meram, matar Zarami, da ƙannen Meram mata suka zo daga Assaga da ƴaƴansu. Zarami ya bar musu ɗakinsa, ya koma zaure shi da ɗansa Sadiq. Gida ya cika ya batse. Tuwo ya ragu, amma akushin maza yana nan ɗaya, kuma Maina ba ya zaman banza: yau ya yi dillancin awaki, gobe ya saro albasa. A tsakar gidan nan Rashida ta koyi tafiya, tana riƙe da zanin Meram, har ba ta bambance wace ce uwarta cikin matan biyu.

Matsalar ta ɓullo ne ta wajen Sadiq. Ɗan kabu-kabu ne, aka hana babur, ya wayi gari ba sana'a. Kullum yana zaune a fada, wato majalisar samari, shayi daga safe har yamma. A shekarun nan kuwa, uwa in ta ga ɗanta zaune haka, gabanta faɗuwa yake yi, don an san samari nawa suka ɓace aka ji su wajen tafki cikin ƴan Boko Haram da bindiga. Yana da yarinyar da yake so, ita ma tana son sa, iyaye sun amince. Sharaɗinsu ɗaya ne: ba ɗaki, ba amarya.

Meram ta sami mijinta a zaure wata rana da hantsi.

“Malam, yaushe za ka yi wa Ya Maina magana?”

“Wace magana?”

“Ka san wadda nake nufi. Ba zan kori uwata ba. Ɗakin nan kaɗai ya rage. Ka faɗa masa gaskiya, mutumin kirki ne, shi ma uba ne. Wallahi ina jin kunyar Sadiya kamar in nutse, amma ɗana nake ji wa tsoro.”

Zarami ya ce, “Ni in buɗe baki in ce wa baƙona ya tashi? Ni fatoma? Me za a ce da ni a garin nan?”

“To me za ka yi?”

“Bar ni da shi. Abin siyasa yake so.”

Ka ji fa! Nan ne mai wayo ya yi wautar da ko yaron kasuwa ba zai yi ba. Duk faɗin Diffa, mutum ɗaya ne ya san wasan nan ciki da bai, kuma shi Zarami ya zaɓa ya yi wa.

Da farko sai ga Lurwanu, wani mai kai kayan miya sansanin ƴan gudun hijira na Sayam Forage. Wai wucewa yake yi, ya ga ana shayi a ƙofar gida. Ya zauna ya shiga zuba: ruwan fanfo a Sayam ba ya yankewa, ga likita kyauta, ga lakwal, wato makarantar boko, ta yara, ga abinci ana rabawa, mutanen Damasak cike har sun yi unguwarsu. Bai ambaci rana ba, bai ce wurin fili ne fetal da ba inuwar kirki ba. Maina ya saurara, yana jan carbi, ya ce, “Madalla.” Zarami kuwa ya sa ido kan butar shayi kamar ba a taɓa dafa shayi a duniya ba.

Bayan ƴan kwanaki amalanke ta kawo tubali. Aka rasa inda za a sauke duk faɗin gidan sai bakin ƙofar Maina, har Sadiya sai ta karkace za ta fito da tukunya. Magini ya zagaya, ya auna nan ya auna can, ya ɗaga murya ya ce, “Malam Zarami, ba filin sabon ɗaki a gidan nan. Sai dai a gyara wanda yake akwai.” Zarami ya ce, “A'a, a bari, Allah zai kawo mafita.” Aka bar tubalin a wurin.

Ran Juma'a bayan la'asar, suna zaune su biyu a kan tabarma, Maina ya ce, “Fatoma, na yi shawara da mai ɗakina. Za mu koma Sayam. Mutanenmu suna can, yarinyar nan ma ta kusa isa shiga lakwal.”

Hannun Zarami ya tafi da kansa ya dafa gwiwar Maina.

“Haba, Ya Maina! Kada ka yi gaggawa.”

Maina ya dubi hannun. Ya ɗago ya dubi mai hannun. Bai ɓoye komai a hannun riga ba wannan karon, don ba dariyar da zai ɓoye. Ya ce a hankali, “Ban yi gaggawa ba, Fatoma.”

Sai a lokacin Zarami ya ji abin da bakinsa ya faɗa, da wanda ya faɗa wa. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Dama ce ta rage masa guda: ya ce, Ya Maina, ka gafarce ni, ga gaskiyar magana. Amma mutumin da ya yi shekara talatin bai bi hanya miƙaƙƙiya ba, ƙafarsa ba ta san ta ba. Ya janye hannunsa, ya ce, “To, Allah ya sa hakan ya fi alheri.”

Sadiya ta share ɗakin tas, ta yayyafa ruwa, ta mayar wa Meram kowace tukunya da kowane ludayi da ta taɓa ara. Matan suka rungumi juna suna kuka. Rashida ta maƙale wa Meram, sai da aka ɓamɓare ta da ƙyar aka sa a mota. Maina ya bi maƙwabta gida-gida yana sallama, a kowace ƙofa yana cewa shi ne ya matsa, fatomansa har riƙe masa riga ya yi.

Wannan ne ya fi ci wa Zarami rai. Duk inda ya bi sai yabo. “Kai, Zarami, ka cika ɗan halak! Ka riƙe baƙo har baƙon ya gaji da alheri.” Liman ma ya kawo misalinsa a wa'azi. Zarami yana zaune a sahu kansa a ƙasa, ji yake kamar ɓarawon da aka naɗa wa rawani. A gida in an kawo akushi sai ya ɗan taɓa ya ture.

Aka shafe ɗaki da farar ƙasa, aka sa ranar ɗaurin aure. Sai Zarami ya sayi goro mai kyau, ya hau motar Sayam. A ransa ya shirya abin da zai gyara ɓarnar: zai roƙi Maina ya zama wakilin ango, shi zai karɓa wa Sadiq aure a gaban jama'a. Ba a ba mutum wannan sai ɗan'uwa na jini ko wanda ya kai haka.

Sayam ta tarbe shi da rana mai dukan kai. Tantuna jere har inda ido ya tsaya, mata a layin fanfo da jarkoki. Da ya tambayi inda Maina na Damasak yake, ya faɗi nasa sunan, sai mutane suka taso. “Kai ne Zarami? Kai ne fatoman? Sannu da zuwa, bawan Allah! Kullum sai Maina ya ba mu labarinka.” Wani tsoho ya kama hannunsa biyu yana sa masa albarka. Da ƙasa za ta tsage da ya shige.

Ya sami Maina a ƙarƙashin wata ƴar rumfar buhu, ya rame, ya yi duhu, ya kasa albasa a gabansa. Ya tashi ya tarbe shi da fara'a, ya shimfiɗa tabarma, ya sa Sadiya ta kawo ruwa. Aka gaisa, aka sake gaisawa. Zarami ya ajiye goro, ya faɗi abin da ya kawo shi.

Maina ya daɗe yana juya goro ɗaya a hannunsa. Sannan ya ce, “Malam Zarami, wannan ma siyasa ce?”

Bai taɓa ce masa Malam ba. Zarami ya buɗe baki zai rantse, sai ya tsaya, don ya duba cikin zuciyarsa shi ma bai san amsar ba. Yana son mutumin nan, wannan gaskiya ne. Yana kuma son a gan su tare a gaban jama'a a san ba abin da ya faru, wannan ma gaskiya ne.

Maina ya ce, “Ba ɗakin ne ya dame ni ba. Ɗakinka ne, ɗanka ne. Ni ma ina ganin yaron, ina kwana da tunaninsa. Tun kafin Lurwanu ya zo shan shayi nake jira ka ce mini, Ya Maina, muna cikin matsi, ya za mu yi? Da mun zauna mun yi shawara kamar yadda muka saba. Wataƙila da ni na fara cewa zan tashi, in tafi ina ɗan'uwanka. Amma ka turo mini mai wucewa. Ka jibge mini tubali. Ni, da nake zaune gefenka shekara ashirin ana yi wa wasu! Ranar nan na gane a wurinka ni ma manomi ne a kan buhu.”

Hawaye suka zubo wa Zarami, dattijo da furfurarsa, a gaban masu sayen albasa. Ya ce, “Na ji kunyar faɗa maka ne, Ya Maina.”

“Na sani. Ka ji kunyar bakinka ya faɗa, ba ka ji kunyar in gane da kaina ba.”

“Ka yafe mini, don Allah.”

“Na yafe tun muna cikin mota. Aure kuma zan zo, in Allah ya kai mu. Amma wakilci ka ba ƙaninka, shi ya fi dacewa.”

A hanyar dawowa, a bayan mota cikin buhunan wofi, Zarami ya yi ta juya kalmar da aka san shi da ita. Ya ga ashe siyasa ta wanda ke tsakaninku da tazara ce: mai saye da mai sayarwa, soja da mai amalanke, maƙwabcin da ya yi fushi. Da ita ake matso da na nesa. Wanda kuke sa hannu a akushi ɗaya kuwa, in ka yi masa ita, ka gaya masa ke nan cewa na nesa ne. Ya kuma ga wanda ya yi siyasar gaskiya a cikinsu, wato Maina, wanda ya bi gida-gida yana rufa masa asiri alhali ransa a ɓace.

Ranar ɗaurin aure gida ya cika tun da safe. Mata na ta guɗa a ciki, ana shiga da kwanukan amarya, maza a ƙofar gida kan tabarmi. Zarami yana tsaye bakin zaure yana tarbar mutane sai ya hango su tafe: Maina cikin wankakkiyar riga, Sadiya a bayansa, da Rashida. Zuciyarsa ta yi sanyi. Ya ce a ransa tunda ya zo, sauran mai sauƙi ne.

Maina ya tsaya nesa da ƙofa kaɗan, ya yi sallama cikakkiya, ya jira.

“Shigo mana, Ya Maina! Sallamar me kuma?”

Kafin Maina ya amsa, Rashida ta jiyo muryar Meram daga ciki. Ta fizge hannunta, ta ruga da gudu ta wuce ƙafafun Zarami, ta nufi tsakar gida tana kiran, “Inna! Inna!”

Maina ya ɗaga murya, ba da faɗa ba, irin yadda uba ke koya wa ƴarsa ladabi.

“Rashida, dawo nan. Ba a shiga gidan mutane haka.”

Yarinyar ta tsaya cak a tsakiyar zaure, ta waigo tana duban ubanta, tana duban Zarami, ba ta gane gidan wa ake nufi ba. Jama'a na zaune suna jira mai gida ya yi magana. Zarami, wanda bai taɓa rasa abin faɗa ba a gaban soja ko a gaban mai fushi, ya sunkuyar da kai. Rashida ta juyo a hankali ta koma wajen ubanta.